Waƙoƙin Ɗaurin Aure a Coci: Tambayoyin da Ango da Amarya Kan Yi

Na daɗe ina zama gaban kayan kiɗa a ranakun ɗaurin aure, kuma kafin kowace irin wannan rana akwai zaman da nakan yi da ango da amarya, takarda a hannu, muna tsara abin da za a rera. Fuskoki ne ke canzawa, tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Na tattara su a nan tare da amsoshin da nakan bayar. Kowace ɗarika da nata tsarin, saboda haka inda maganata ta saɓa da ta fastonku, tasa za ku bi.

Daga ina za mu fara?

Daga wurin fasto ko fada da zai ɗaura auren, sai kuma shugaban mawaƙa ko mai kiɗan cocin. Ku je musu kafin ku ƙulla rai a kan wata waƙa. Zafin hana waƙa ya fi yawa idan amarya ta riga ta yi wata shida tana jin ta a kunne, tana ganin kanta tana takowa da ita. Ku tambayi abin da aka yarda da shi da wanda ba a yarda ba, ko dole ne mawaƙan cocin su yi hidimar ko za a iya kawo na waje, waɗanne kayan kiɗa ke akwai kuma suna aiki, da abin da ya kamata a ba masu kiɗan na wahalarsu. Wata uku kafin ranar lokaci ne mai kyau. Idan akwai sabuwar waƙa da mawaƙa za su koya, ku ƙara a kan haka.

A waɗanne wurare ake waƙa, kuma guda nawa muke bukata?

Akwai kiɗa mai taushi da ake yi lokacin da baƙi ke shigowa suna neman wurin zama, kamar minti 15 zuwa 20. Sai shigowar ƙawayen amarya da ita kanta amaryar. Sai waƙar buɗe sujada wadda kowa zai miƙe ya rera. Bayan karatun Littafi Mai Tsarki akan yi zabura ko wata waƙa kafin wa'azi. Bayan alkawari da sa zobe akan so waƙar addu'a ko ta godiya. Lokacin sa hannu a takardar aure jama'a na zaune ba abin da suke yi, to nan ne wurin mawaƙa ko mai rerawa shi kaɗai. Idan akwai Jibin Ubangiji, shi ma da nasa waƙoƙin. Daga ƙarshe sai kiɗan fita.

Waƙoƙin jama'a biyu ko uku sun wadatar. Na ga tsarin da aka jera guda bakwai, kafin a kai ga alkawari tsofaffi sun gaji da tashi da zama, yara sun fara kuka, muryoyi sun mutu.

Muna da waƙar soyayya da muke ji tun farkon haɗuwarmu. Me ya sa za a ce ba za a sa ta ba?

Wannan ce tambayar da ta fi kawo ɓacin rai, kuma na fahimci dalili. Waƙar tana ɗauke da tarihinku. Amma ɗaurin aure a coci sujada ce. Kun zo gaban Allah da ikilisiya ne ku yi alkawari, jama'a kuma sun zo su shaida, su roƙa muku albarka. Duk abin da aka rera a wannan sa'a ya zama wani ɓangare na addu'ar.

Ga abin da nakan ce a yi. Ku rubuta kalmomin waƙar a takarda, ku ajiye kiɗan gefe, ɗayanku ya karanta su da ƙarfi kamar yana tsaye gaban bagade. Kiɗa mai daɗi yakan rufe kalmomi, karatu kuwa yakan tone su. Wata amarya ta taɓa kawo mini waƙar da take ƙauna ƙwarai, muka zauna ta fara karantawa, tana kaiwa baiti na biyu sai ta yi shiru, domin mai waƙar yana kuka ne a kan wadda ta tafi ta bar shi. Shekara uku tana jin ta, amshin kawai take riƙewa. Da kanta ta naɗe takardar.

Wasu waƙoƙin ba na rabuwa ba ne, amma suna gaya wa ɗan Adam abin da Allah kaɗai ya cancanci a gaya masa: kai ne cetona, ban da kai ba ni da rai. Wasu kuma suna ɗaukar ƙauna a matsayin abin da zuciya ke ji yau, alhali alkawarin da za ku yi ya haɗa da ciwo da rashi da tsufa. Irin wannan waƙa ku kai ta wurin liyafa, ku yi rawarku da ita, ba wanda zai hana. Akwai cocin da ke yarda a kaɗa sautinta kawai ba kalmomi yayin da baƙi ke zama. Ku tambaya.

Kiɗan nan na shigowar amarya da ake ji a finafinai, na coci ne? Dole ne a yi shi?

Ba dole ba ne, kuma asalinsa ba na coci ba ne. Guda biyu ne mutane kan haɗa. Na shigowa ya fito daga wasan kwaikwayo na waƙa mai suna Lohengrin, wanda Richard Wagner ɗan ƙasar Jamus ya tsara, aka fara nuna shi a birnin Weimar a 1850. A cikin wasan ma bayan an ɗaura auren ake rera shi, lokacin da ake raka ango da amarya ɗaki. Auren kuma bai kwana ba: amarya ta yi tambayar da aka hana ta, wato sunan mijin da asalinsa, aka zubar da jini a ɗakin, mijin ya tafi, ita kuma ta mutu. Wannan ne ya sa coci-coci da dama, musamman na Katolika da wasu na Lutheran, ba sa son sa. Wasu kuma suna ƙin sa saboda rubuce-rubucen ƙin Yahudawa da Wagner ya yi.

Na fita kuwa na Felix Mendelssohn ne, ya tsara shi a 1842 domin wani wasan Shakespeare mai cike da aljanu da sihiri. Abin da ya ɗaukaka shi bikin gidan sarauta ne: ranar 25 ga Janairu 1858, babbar 'yar Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta auri Yarima Frederick na Prussia a Landan, aka kaɗa shi, daga nan kowa ya ɗauka. Ke nan al'adar da ake gani kamar tun fil'azal take, ba ta cika shekara 200 ba.

Ra'ayina shi ne, idan cocinku ya yarda kuma kuna so, ba zunubi ba ne, yawancin masu sauraro ba su san labarin wasan ba. Amma kada wani ya sa ku ji kamar aurenku bai cika ba in babu shi.

To in ba su ba, da me amarya za ta shigo?

Zaɓi na da yawa. Akwai kiɗan maci na Jeremiah Clarke, na wajen shekarar 1700, mai sautin ƙaho, wanda aka daɗe ana jingina wa Henry Purcell bisa kuskure. Da shi Diana, amaryar Yarima Charles na Ingila, ta shiga majami'ar St Paul a 1981. Akwai Canon na Johann Pachelbel, wanda aka rubuta domin goge uku da kiɗan ƙasa mai sauti takwas da ke ta maimaituwa. Masu kiɗa na son sa saboda wannan maimaituwar, kusan ko'ina za a iya rufe shi ba tare da an ji an yanke ba. Akwai kuma na Bach daga waƙar coci da ya tsara a 1723, mai tafiya a hankali kamar ruwa.

Abin da na fi so duk da haka shi ne amarya ta shigo jama'a na rera waƙar yabo. A 1947, ranar auren Gimbiya Elizabeth ta Ingila, wadda ta zama sarauniya daga baya, an rera waƙar Henry Francis Lyte ta 1834 da aka gina a kan Zabura 103 a bikinta. A 2011 Catherine, amaryar Yarima William na Ingila, ta shiga majami'ar Westminster da Zabura 122, wadda ke cewa na yi murna da aka ce mini mu tafi gidan Ubangiji. Sai dai ku sani, in amarya ta bayyana a ƙofa ido yakan bar takarda ya koma kanta, saboda haka sai mawaƙa sun riƙe waƙar da ƙarfi.

Ko me kuka zaɓa, ku auna tafiyar. Daga ƙofa zuwa gaba a yawancin coci ba ta wuce minti ɗaya ko biyu, kiɗan kuwa yana iya kai minti biyar. Ranar gwaji amarya ta taka da irin takalmin da za ta sa, wani ya riƙe agogo, mai kiɗa ya sa alama inda zai rufe. In ba a yi haka ba, ko dai ta iso ta tsaya tana jira kowa na kallon ta, ko kiɗa ya ƙare tana tsakiyar hanya.

Na fita ya zama mai ƙarfi da murna. Ku dai tuna da hannun mai kiɗanku. Akwai shahararren kiɗan ogan, wato babban kayan kiɗan coci mai bututu, na Widor ɗan Faransa, na 1879, da ake yawan nema, amma yana son babban ogan da ƙwararren makaɗi. A kan ƙaramin kibod ba ya fitowa. Gara waƙa mai sauƙi da aka kaɗa da kyau.

Yaya za mu zaɓi waƙoƙin da jama'a za su rera?

Nan ne nake so ku fi ba da lokaci, domin nan ne bikin ke tashi ko ya kwanta. Furanni da kwalliya kallo ake yi. Waƙa ce kaɗai abin da duk wanda ya zo zai sa bakinsa ya ba ku. Ba abin da ke kai sautin cikakken coci yana roƙa wa mutum biyu albarka da murya ɗaya, ba kuma abin da ke sanyaya jiki kamar mutum 300 a tsaye, mai kiɗa na ta fama, bakuna a rufe.

Ku fara da jerin waɗanda kuka gayyata. Su wane ne? Tsofaffin da suka tashi da littafin waƙoƙi, ko matasan da suka saba da waƙoƙin yabo na zamani, ko abokan aiki da ba sa zuwa coci? Waƙar farko ta zama wadda mafi yawansu suka sani ko da an tashe su daga barci. Idan ta farko ta kama, sauran za su bi. In kuna da wadda ba a sani ba kuma ranku na kanta, ku sa ta a tsakiya, ko ku ba mawaƙa su rera ta lokacin sa hannu.

Akwai wata dabara tsohuwa: sababbin kalmomi a kan sautin da aka sani. Waƙar aure da ake kira "O Perfect Love" haka aka same ta. Dorothy Blomfield ce ta rubuta ta a 1883 domin auren 'yar'uwarta, a kan sautin wata waƙa da amaryar ke ƙauna wadda kalmominta ba su dace da biki ba. Shugaban mawaƙanku zai iya nuna muku waƙoƙin da ma'aunin baitinsu ya zo ɗaya, har a iya musanya musu sauti.

Ku duba tsayin murya. Waƙar da mawaƙi ya rera a faifai sau da yawa ta yi wa talakan murya sama, maza su kasa kaiwa su yi shiru. Ku roƙi mai kiɗa ya sauko da ita. Ku duba yawan baiti: idan shida ne, a zaɓi huɗu, amma a karanta kafin a cire, kada a yanke tunani a tsakiya. Sannan ku duba abin da take faɗa. Waƙoƙin amincin Allah, na godiya, na roƙon jagora, da na ƙaunar Almasihu ga ikilisiyarsa, duk sun dace. Ta Charles Wesley ta 1747 a kan ƙaunar Allah da ta fi kowace ƙauna, da ta Thomas Chisholm ta 1923 da aka ɗauko daga Littafin Makoki sura 3, an fassara su cikin harsuna da yawa kuma ana yawan rera su a aure. Ku yi hattara da waƙar da danginku suka saba ji a jana'iza. Kalmominta na iya zama daidai, amma in ita aka rera ranar binne mahaifin amarya, uwar amarya ba za ta ji komai ba sai wannan ranar. Wasu iyalai da gangan suke zaɓar ta domin tunawa, wannan kuma daban ne, muddin an yi shawara.

Hanya mafi sauƙi ita ce ku fara zaɓar karatun Littafi, waƙoƙi su biyo shi. In za a karanta 1 Korintiyawa 13, a nemi waƙar ƙauna mai haƙuri. In bikin Kana ne a Yohanna 2, a nemi wadda ke gayyatar Yesu cikin gidan.

Wace zabura ce ta dace?

Zabura 128 ce ta aure tun da daɗewa: mai tsoron Ubangiji zai ci amfanin aikin hannunsa, matarsa kamar kurangar inabi, 'ya'yansa kamar dashen zaitun kewaye da tebur. Littafin addu'a na Anglikan na 1662 ya sa ita ko Zabura 67. A Katolika akwai 33, 34, 103, 112, 128, 145 da 148 cikin waɗanda aka tanada. Zabura 127 da 121 ma suna da kyau. Idan ango da amarya sun manyanta, ko akwai wani dalili da maganar 'ya'ya za ta sosa rai, 67 ko 121 ta fi.

Mu 'yan Katolika ne. Akwai abin da ya bambanta?

Akwai. In za a yi auren cikin Mas, wasu sassan ba zaɓi ba ne: waƙar Ɗaukaka ga Allah, zabura mai amshi, Halleluya kafin Bishara, Mai Tsarki, da Ɗan Rago na Allah. Su za ku fara tsarawa, da sautin da jama'a suka sani. Ba a maye gurbin zaburar da wata waƙa. A lokacin Azumi kafin Ista ba a rera Halleluya, ana kuma rage kiɗa da ado, sannan ba a ɗaura aure ranar Juma'ar mutuwar Yesu da Asabar da ke bin ta.

Ana yawan tambaya a kan Ave Maria, waƙar addu'a ga Maryamu. Ta Schubert, ta 1825, asalinta sauti ne da ya yi wa wata waƙar Walter Scott da aka juya zuwa Jamusanci, daga baya aka ɗora mata addu'ar Latin. Yawanci akan sa ta kafin a fara, ko lokacin sa hannu. A cocin da ba na Katolika ba sai an tambaya, domin da yawa ba sa yarda da addu'a ga Maryamu. A cocin Otodoks kuwa bisa al'ada murya ce kawai ba kayan kiɗa, waƙoƙin kuma a tsare suke, abin zaɓi kaɗan ne.

Ƙanwata na da murya, tana so ta rera mana ita kaɗai. Mu yarda?

Ku bari mai kiɗa ya saurare ta tukuna, a cikin cocin, da makirfo ɗin da za ta riƙe. Rera waƙa a ɗaki daban, tsayawa gaban jama'a kana kallon 'yar'uwarka cikin farin kaya daban. Hawaye kan shaƙe murya. In ta iya, a ba ta lokacin sa hannu, inda ko ta yi tuntuɓe ba zai tsayar da sujada ba, kuma su yi gwaji aƙalla sau biyu. In ba ta kai ba, ku ba ta karatun Littafi, ko ta shiga cikin mawaƙa. Ku gaya mata da wuri, da bakinku, kada ku bar wa mai kiɗa wannan nauyin.

Za mu iya kunna waƙa daga waya ko kwamfuta?

Coci da yawa ba sa so, Katolika musamman, domin sujada ta masu rai ce da ke wurin. Ban da haka, na'ura ba ta ganin amarya. Ba ta jira in mayafi ya maƙale, ba ta ƙara baiti in sa hannu ya ja lokaci. In ba makawa, a sauke waƙar a kan na'urar kada a dogara da intanet, a rufe kiran waya, a sa mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai wannan, ya kuma koyi rage sauti a hankali.

Danginmu harshensu ba ɗaya ba, ɗarikarmu ma ba ɗaya ba. Yaya za mu yi?

Ku nemi waƙoƙin da ke cikin littattafan ɓangarorin biyu. Tsofaffin waƙoƙi da yawa sautinsu ɗaya ne ko da harshe ya bambanta, sai a rera baiti ɗaya da wannan harshe, na biyu da wancan, amshi kowa da nasa. Na taɓa ganin kakar ango, wadda tun da aka fara take zaune shiru ba ta gane komai, da aka shiga baitin harshenta sai ta dafa sanda ta miƙe, ta rera har ƙarshe ido a rufe. Saboda baƙin da ba Kirista ba, a buga kalmomin duka a takardar shiri, fasto kuma ya faɗa cewa wanda ya so ya rera, wanda ya so ya saurara.

Akwai matsala in mun buga kalmomin waƙa a takardar shiri?

Tsofaffin waƙoƙi ba matsala. Sababbi suna da haƙƙin mallaka, wanda a ƙasashe da yawa yakan kai shekara 50 ko 70 bayan rasuwar marubucin. Ku tambaya ko cocin na da lasisi, irin na CCLI, kamfanin da ke ba coci-coci izinin amfani da waƙoƙi, ko ya shafi bugawa da kuma yaɗa bikin kai tsaye ta intanet. Kafin a kai wa mai bugawa, mai kiɗa ya duba takardar, domin baitocin da ke hannunsa su zo ɗaya da na hannun jama'a.

Iyayenmu sun nace a kan waƙar da ba ma so.

In waƙar ta dace da sujada, ku ba su. Guda ɗaya ce cikin kiɗa da waƙoƙi bakwai ko takwas na ranar gaba ɗaya, kuma wataƙila ita aka rera ranar nasu auren. Ku tambayi mahaifiyar dalilin da ya sa take son ta, amsar na iya sauya yadda kuke jin waƙar. In sam ba ta shiga ranku ba, a sa ta cikin kiɗan da ake yi lokacin da iyaye ke shigowa su zauna.

A ranar, wa zai gaya wa mai kiɗa lokacin farawa? In amarya ta makara fa?

Ku naɗa mutum ɗaya ya tsaya a ƙofa inda mai kiɗa ke hango shi, ku amince da alama ɗaya, kamar ɗaga takardar shiri sama. Mutum ɗaya tak, domin in uku suna ɗaga hannu mai kiɗa zai fara kafin amarya ta sauko daga mota. Mai kiɗa ya riƙe cikakken tsarin sujadar a rubuce, da kalmar ƙarshe da fasto zai faɗa kafin kowace waƙa.

Saboda makara, ku roƙi mai kiɗa da mawaƙa su tanadi ƙarin waƙoƙi na kamar minti 20, waɗanda ba sa cikin shirin, kada a ƙone na sujadar tun ba a fara ba. Ku tanadi kuma wanda zai iya ɗaga waƙa da baki in wuta ta ɗauke ko lasifika ta ƙi, ku gaya masa tun ranar gwaji, ya zauna a layin gaba kusa da mawaƙa.